Da Sauƙin da Na Faɗa a Kan Tsani

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Yau na yi wa kaina fenti kyauta. Shuɗi, mai sheƙi, tun daga ƙeya har ƙugu.

Ga yadda aka yi. Ina saman tsani a gidan wani lauya, rolar shafa fenti a hannun dama, bokiti a hagu, don na yi ƙyuyar sauka in ɗauko ƙugiyar ratayewa. Sai waya ta yi ƙara a aljihu. Mai hankali zai bar ta ta gaji ta yi shiru. Ni kuwa ranar da ake rabon hankali ina bayan layi ina ba mutane dariya. Na ɗora bokitin a matakin sama, na maƙale wayar a kafaɗa. Wata malamar asibiti ce, daga inda aka kwantar da 'yata Farfela wata biyar da suka wuce, lokacin da korona ta kama ta. Ta ce suna bin sawun yaran da aka sallama, tambayoyi ne 'yan kaɗan. Na amsa mata. Ina juyawa in mayar da wayar, gwiwar hannuna ta gaisa da bokiti.

Dogo abokin aikina ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Maigida, bango lauya ya ce a shafa masa, ba mai shafawa ba."

A gida Gwamnati ta sa na tuɓe riga tun a bakin ƙofa. Gwamnati matata ce: ita ke kafa doka, ni ke bi. Farfela ta ɗago kai daga doguwar kujera. Da a da ne, da tuni ta toshe hanci ta ce, "Baba, warin tinar fenti!" Yau cewa ta yi, "Baba, ka yi kyau." Ba ta ji warin komai ba.

Wannan littafin ragowar littafin lissafin Farfela ne. Gwamnati ta ba ni in riƙa rubuta yadda yarinyar ke wuni, wai ranar da asibiti suka kira mu sai mu nuna. Ta ce rubutuna kamar kaza ta yi tono, ita ba za ta ɓata idonta a kai ba. Madalla.

Ciwon kai da safe. Barcin rana awa uku. Abinci rabi.

Ban ce mata an kira ba. Zancen fenti ya cinye zancen.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Muna hawa na uku, matakala arba'in da takwas. Shekara tara muna nan ban taɓa ƙirgawa ba sai bana. Yarinyar da aka sa wa Farfela don ba ta iya tsayawa wuri ɗaya, wadda ke haɗa matakala uku a taku guda har maƙwabta na ƙasa su buga silin da tsintsiya.

Yau ta ce tana so ta sauka ta sha rana. Saukar lafiya lau. Hawan ne. Ta huta a ta goma sha biyu. Ta huta a ta ashirin. A ta ashirin da shida ta zauna, ta jingina kai da bango, leɓenta ya bushe.

Na durƙusa na ce, "Uwata, hau motar haya. Direba ya tsufa amma inji na nan."

Ta ce, "Baba, shekarata goma sha uku fa."

Na ce, "Ni arba'in da bakwai, kuma shekaranjiya bokiti ya yi min wanka a gaban jama'a. Kunya ta ƙare a gidan nan."

Ta hau. Ba ta da nauyi. Abin da ban so ba ke nan, da ma ta yi nauyi.

Juma'a, 6 ga wata, da hantsi

Ciwon kai. Ba ta je makaranta ba. Shuɗin bai gama fita daga kunnena ba.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe huɗu

Akwai wata mata da Gwamnati ta saba da ita a asibiti, 'yarta na gadon da ke kusa da namu. Yau ta bugo waya. Na ji muryar Gwamnati tana sauyawa a kicin. Ta fito da wuƙa da rabin albasa a hannu.

"Baban Farfela, an kira su."

"Su wa?"

"Maman gadon kusa. An yi mata tambayoyi a waya, an ba su ranar ganin likita. Wai an buɗe sashe na yaran da ciwon ya bar musu saura. Wai waɗanda suka ɗan girma, da masu asma ko borin jini, su ake fara gani, don su abin ya fi daɗewa a jikinsu." Ta nuna ɗaki da wuƙar. "To ita wannan wanne ne ba ta haɗa ba? Tun tana shekara uku muke yawo da abin shaƙa. Ƙura ta taɓa ta, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Me ya sa mu ba a kira mu ba?"

Na ce, "Wataƙila layi ne. Kin san asibiti."

Ta ce, "Lambata na ba su ko taka?"

Na ce, "Wa zai tuna?"

Ni na cike katin. Na tuna.

Lahadi, bayan awa ɗaya

To bari in rubuta, tunda kaza ce kaɗai za ta karanta.

Malamar ta ce, yarinya tana yawan gajiya? Na ce da sauƙi. Numfashi fa, in ta hau bene? Na ce da sauƙi sosai. Barci? Alhamdu lillahi. Ciwon kai? Sai dai wanda take sa mana. Ta ɗan yi dariya. Nan ne na lalace, don ni in mutum ya yi dariyar maganata sau ɗaya, to ya saye ni. Ta ce tana jin ƙamshi da wari? Na ce, "Ranki ya daɗe, tana jin ƙamshin nama tun yana kasuwa." Ta yi dariya sosai. Sai ta ce, kafin korona tana da asma, ko borin jini, ko yawan atishawa? Na ce, "Ko a dangi."

Me ya sa? Na tambayi kaina har na gaji. Hannuna ya sage a kan tsani, wannan ɗaya. Na biyu, babana ya rasu yana cewa da sauƙi, haka aka tashe mu, ba ka buɗe wa baƙo cikinka. Na uku, bakina ba ya iya furta cewa 'yata mai ciwo ce. Gani nake in na faɗa, na sa hannu ke nan. Na ɗauka gaisuwa ce irin ta bayan sallama. Ban san ma'auni ba ne aka ɗora ta a kai, ni kuma na sa yatsa na ɗage.

Makarantar da na bari a aji biyu na sakandare, yau ta biyo ni har gida.

Talata, 10 ga wata, lokacin hutun aiki

Na kira lambar sau shida. Sau biyar tana ta ƙara babu mai ɗauka. Na shida wata murya ta ce in danna ɗaya, na danna ɗaya, ta ce in danna uku, na danna uku, ta yi min godiya ta kashe.

Na gaya wa Dogo komai. Ya daɗe yana goga sanfefa a wuri ɗaya. Ya ce, "Ka faɗa wa madam kawai."

Na ce, "Kai da ba ka da aure bakinka da sauƙin ba da shawara."

Ya ce, "Ga da sauƙin nan kuma."

Ban yi dariya ba. Shi ma ya fasa.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe shida

Ta matsa sai ta je makaranta, jarrabawar ƙarshen zango saura mako uku. Kafin sha biyu malamar ajinsu ta kira. Ta yi barci a kan tebur. Da aka tashe ta aka ce ta karanta sakin layi, ta karanta tsaf, aka ce me ya ce, ta tsaya tana kallon allo.

A hanya ta ce, "Baba, kaina kamar an cika shi da auduga. Ina ganin kalmar, sai ta wuce ba ta tsaya ba."

Na ce, "Barka da zuwa ajinmu. Haka na yi shekara takwas."

Ta ce, "Ba abin dariya ba ne."

Na ce, "Haka ne, uwata."

Ta huta a ta goma. Daga ta goma sha takwas motar haya.

Asabar, 14 ga wata, da rana

Na kwashe duk gwangwanayen fenti da tina da ke baranda na kai shagon Dogo. Shekara tara Gwamnati na cewa in kwashe saboda ƙirjin yarinyar. Yau ta dube ni ta ce, "Lafiya? Wa ya mutu?"

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Gwamnati ba ta rabuwa da wayarta. Da ita take shiga wanka, a cikin leda. Jiya ta bar girki ya kama don wani mai tallan katin waya ya kira ta ɗauka asibiti ne. Ta ƙara ƙarar har maƙwabta na ji. Duk wanda ya kira sai ta ce, "Yi sauri, ina jiran kira."

Ban faɗa ba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe uku

Na ce wa Dogo ya riƙe aiki, na tafi asibitin ni kaɗai. Dogon baranda, kujerun roba a jere an ɗaure su da juna kamar masu laifi. Bangon duk ya ɓare daga ƙasa, wanda ya yi musu aikin bai kankare tsohon fentin ba, ɗorawa kawai ya yi. Awa biyu ina kallon aikin banza.

Da na isa taga, mai ba da kati ya buga lambar a na'ura. Ya ce, "Wannan ai an rufe. An rubuta ta warke."

Na ce, "Ba ta warke ba."

Ya ce, "Nan an ce ta warke."

Na ce, "To na'urar ta zo ta goya ta a bene."

Bai ɗago ba. Ya ce sai dai malamar da ta yi tambayoyin ta sake buɗewa, ita kuma ranar Alhamis kaɗai take zama a sashen, kuma a zo da yarinya da katin sallama. Katin sallama na cikin jakar Gwamnati, a aljihun da ke da zif. Gobe Alhamis. Ta yaya zan fitar da yarinya da kati daga gidan nan ba tare da an kira ni gaban majalisa ba?

Na dawo na ce aiki ne ya riƙe ni.

Alhamis, 19 ga wata

Ban je ba.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Farfela na zaune ne kawai tana ninke kayan wanki. Sai ta dafe ƙirji ta ce zuciyarta na gudu. Na sa hannu na ji, kamar tsuntsu a cikin kwali. Numfashin ya fara wannan fito da muka sani. Gwamnati ta kawo abin shaƙa, feshi biyu, muka zauna muna ƙirga. Na buɗe baki in faɗi wani abu da zai sa ta murmushi, babu abin da ya zo. Karo na farko a rayuwata aljihun ya zama wayam.

Ya lafa bayan kusan rabin awa. Ta yi barci da kanta a cinyar uwarta.

Gwamnati ta yi magana ƙasa-ƙasa don kada ta tashe ta. "Na gaji da jira. Maman gadon kusa ta ce Alhamis suke zama. Za mu je, ko sun kira ko ba su kira ba. Kuma wallahi sai sun gaya min dalilin da ya sa suka manta da 'yata."

Na ce, "A bi a hankali dai."

Ta ce, "Kai ka bi a hankali. Kai ne mai abokai a ko'ina."

Talata, 24 ga wata, da yamma

Ciwon kai. Gashi a matashi. Abinci cokali biyar. Ban faɗa ba.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe biyar

Malamar ƙarama ce, ba ta fi ƙanwata ta uku ba, da tabarau da biro biyu a aljihu. Tun kafin mu zauna Gwamnati ta fara. Ba ta yi zagi ba, ita ba ta zagi, jera maka abin da ka yi take yi ɗaya bayan ɗaya har ka gwammace zagin. Wata biyar da sallama. Yarinya mai asma. An kira na gadon kusa. Ita wannan ba mutum ba ce? Mutanen baranda duk suka juyo suna ji.

Malamar ta ce, "Ki yi haƙuri, Mama, bari in duba." Ta buɗe fayil a kan tebur. Ta karanta. Ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Kai ne mahaifinta?"

Na ce, "Ni ne, ranki ya daɗe."

Na ga lokacin da ta gane muryar. Na ga bakinta ya ɗan motsa. Na jira ta ce nama, ta ce kasuwa. Ta dubi Gwamnati, ta dubi yarinyar, ta sake duba na. Sai ta zaro sabon fom ta ce, "An samu kuskure a nan. Za mu gyara yanzu."

Gwamnati ta ce, "Kuskuren wa?"

Ta ce, "Za mu gyara, Mama."

Ta juya kujerarta ta fuskanci Farfela, ta ce, "Ke zan tambaya, 'yammata, ba su ba." Tambayoyin nan dai ne, ɗaya bayan ɗaya, na san su kamar karatun sallah. Farfela ta amsa. E, tana gajiya. E, tun kafin ta tashi daga gado. Ƙafafunta na ciwo, kullum. Ban san wannan ba. Abinci ba ya wari ba ya ƙamshi, nama kuma wani lokaci kamar ƙonanniyar roba. Ban san wannan ba. Tana tsoron bene. Wani lokaci tana cewa ba ta son fita ne don kada Baba ya goya ta bayansa ya yi ciwo.

Na kalli bangon. Shi ma ba a kankare ba.

Malamar ta ce a cikin yaran da suka bi, waɗanda suka ɗan girma da masu asma ko borin jini sun fi zama da saura, amma ba duka ba, kuma ba su gama sanin dalili ba. Na ce akwai magani? Ta ce likita zai duba ƙirjin da zuciyar, zai tsara mata yadda za ta riƙa motsi ba tare da ta zube ba, ya rubuta wa makaranta takarda. "Wasu suna warwarewa a hankali. Wasu muna nan muna kallo tare da su. Ba zan yi muku alkawarin da ba nawa ba."

Ranar da ta samu mana: sha tara ga watan gobe. Jerin ya cika.

Gwamnati ta ce, "Jarrabawarta biyu ga wata. Da kun kira mu tun farko fa?"

Malamar ta ce, "Da tuni an gan ta."

Gwamnati ta ce, "Kun cinye mana wata guda." Ta karanta sunan da ke maƙale a rigar malamar, a hankali, sau biyu, yadda take yi in ba ta so ta manta.

Duk wannan lokacin tsohon fom ɗin na buɗe a gefen tebur, saitin Farfela. Ita kuma ba kamar ubanta ba, tana karatu ko takarda a juye take.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Gwamnati za ta rubuta takardar ƙorafi ga shugaban asibiti. Da sunan malamar a ciki. Ta ce ba don mugunta ba, don kada a yi wa 'yar wani. Ta ce Farfela ta rubuta tunda ta fi mu hannu mai kyau. Farfela ta ce hannunta ya gaji. Gwamnati ta zauna ta rubuta da kanta, shafi biyu, tana yi tana goge ido da bakin mayafi.

Na ce, "Malamar nan fa tana da kirki."

Ta ce, "Kirki ba ya hawa bene."

Lahadi, 29 ga wata, ƙarfe biyar

Na sauko da ita shan rana. A hawa muka zauna a ta goma sha huɗu. Tana numfashi, ina yi kamar ina duba tsagewar bango.

Ta ce, "Baba."

"Na'am, uwata."

"A ƙasan takardar an rubuta wanda ya amsa. An rubuta uba. Biyu ga wata."

Na ce, "Ranar da na yi kyau."

Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "An rubuta babu, babu, babu, har ƙasa. Har asma."

Na ce, "Haka ne."

"Me ya sa?"

Dalilai ukun nan da na jera a littafi, na neme su, sai na ga ko ɗaya ba zai iya tsayawa a gaban yarinyar ba. Na ce, "Ubanki wawa ne."

Ta ce, "Ba wawa ba ne. Ba ka so ya zama gaskiya ne." Ta huta. "Ni ma haka nake ce wa Mama, da sauƙi." Ta sake hutawa. "Ba zan faɗa mata ba. Amma kada ka bari a kai takardar nan. Matar ba ta yi komai ba."

Na durƙusa. Ta ce a'a, yau da ƙafarta. Muka yi kusan minti ashirin. Ina bayanta da taku ɗaya, hannuwana a buɗe kamar mai jiran bokiti ya faɗo.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe goma na safe

Farfela ba za ta zauna jarrabawar ba, malamar ajinsu ta ce a bari sai an ga likita. Da aka gaya mata ta juya ta fuskanci bango. Yanzu tana barci.

Gwamnati ta liƙe ambulan ta ba ni in kai, tunda hanyar aikina ce. Ta fita sayo maganin shaƙa. Na kai har tashar mota na dawo. Ga shi nan a kan tebur, kusa da littafin nan.

Mata biyu ke bina bashi. Ɗaya ta haɗiye faɗan da ba nata ba a gaban mutane, ba ta san ni ba, ba ta ci komai nawa ba sai dariya biyu. Ita sai Alhamis, zan je in tsaya a barandar nan in faɗa da ƙarfi yadda waɗanda suka ji na farko za su ji na biyu. Ɗayar kuma wata guda tana shiga wanka da waya a leda. Wata gudan ba ni da inda zan samo shi in mayar mata, ko ita ko yarinyar.

Da Gwamnati zan fara. Na gwada a gaban madubin banɗaki sau uku. Duk sau ukun sai ya fito da tsani da bokiti da Dogo a ƙasa yana dariya, ya zama labari mai daɗi. Ban iya faɗin abu a miƙe ba, ban taɓa koya ba. Na huɗun na cire komai, sai ya rage kalma shida: sun kira, ni na ce lafiya.

Ga ƙarar makullinta nan a ƙofa.